Kawu ya tafi, ya bar mana ɗakin kaset a Nuzla

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na sha faɗin haka a gidajen rasuwar mutane, amma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nauyi a baki ba sai ranar da Inna, mahaifiyata, ta kira ni bayan magariba, ina tsaye a kicin ɗina a unguwar Ƙurayyat ta Jidda, ta ce, "Kawunki ya rasu," ta katse wayar.

Na bi kiran. Na ce, "Inna, wane kawun?"

"Kawu nawa gare ki?" in ji ta. Sai kuka ya ci ƙarfinta.

Ɗaya gare ni. Yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa na unguwar Nuzla na tashi tun bayan rasuwar mahaifina. Ba ya ciwo. Ko ciwon kai ba a ji ya ambata ba a makon. Da safen ranar da ƙafarsa ya fita ya sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da burodin tanderu, har ya tsaya yana yi wa mai gasa burodin tsiya wai ya ƙona gefe. Ya yi la'asar a sahun farko, ya koma shagonsa na gyaran rediyo, ya zauna a kujerarsa, ya ɗora abin sauraro a kunnuwansa kamar yadda ya saba.

Maƙwabcin shagon, wani dattijo Bayamane mai baƙala, wato ɗan kantin kayan masarufi, shi ya kai masa shayi. Ya yi sallama ba a amsa ba. Bai damu ba, don in Kawu ya rufe kunnuwansa ko ihu kake ba ya ji. Ya ajiye kofin ya fita. Wani ya zo karɓar rediyonsa, ya tsaya har ya gaji, ya ce zai dawo gobe. Sai da aka kira magariba Bayamanen ya leƙo ya ga Kawu yana nan yadda ya bar shi. A nan gabansa ya faɗi, domin tun da suke tare, kafin ladan ya buɗe baki Kawu ya riga ya cire abin nan ya tashi alwala. Kaset ɗin ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Shayin ya yi sanyi ba a taɓa shi ba.

Har aka tashi zaman makoki, magana ɗaya Bayamanen yake maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi: "Wallahi, ya jama'a, gawa na kai wa shayi. Har ce masa na yi ya sha kafin ya huce." Sai ya rufe fuska da gefen rawaninsa.

Umma, matar Kawu, ba ta yi kuka ba a ranar farko. Da aka faɗa mata, ta dubi mai faɗar ta ce, "An cire masa kawiya daga wuta?" Tana nufin ƙarfen da yake liƙa wayoyi da shi. Aka ce an cire. Ta ce to, ta zauna a ƙasa.

Aka jera kujeru a lungu kamar yadda ake yi a Jidda, maza a waje, mu mata a ciki. Mun sa ran ganin mutanen unguwa da dangi da 'yan masallaci, kuma sun zo. Amma a yammacin rana ta biyu Inna ta jawo ni bakin taga ta ce, "Zo ki gani, su waye waɗannan?"

Wani tsohon Basudane ne ya fara isowa, dogo, da farin rawani, ana riƙe da hannunsa. Bai kai ga kujera ba ya tsaya a ƙofar shagon Kawu da ke rufe, ya dafa ƙyauren, ya fashe da kuka irin na yara. Bayansa wani Bahabashe mai furfura. Sai wani ɗan Filifin, tsohon direba daga unguwar Abhur, wanda bai san abin da ake faɗa a ta'aziyya ba, ya dai samu kujerar ƙarshe ya zauna da hularsa a hannu. Can sai ga motoci masu tsada suna neman wurin tsayawa a lungun da ko motar ruwa da ƙyar take shiga, samari 'yan ƙasa suna fitowa, wasu da gashi har kafaɗa, suna tambayar ko nan ne gidan Ustaz, wato Kawu. Dattawan unguwa suka yi ta kallon juna.

Inna ta ce, "Shi wannan bawan Allah, duk ina ya san waɗannan?"

Da maigidana ya shigo, fuskarsa ta canza. Ya ce wani daga cikin samarin ya nuna masa waya, labarin rasuwar Kawu ya zaga, mutane daga ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba suna rubuta alhini da harsunan da bai iya karantawa ba. Ya ce, "Kin san wanda ya riƙe ki kuwa?"

Na ɗauka na sani. Duk mun san Kawu yana buga kaset a da. Mun ɗauke shi abin sha'awar tsoho, kamar mai kiwon tattabaru. Wannan kunyar da mamakin su suka sa na zauna rubuta abin da na gani da idona, da abin da abokansa suka cike mini daga baya, don kada a manta.

A Jidda aka haifi Kawu. Iyayensa, kakannina ke nan, daga ƙasar Katsina suka taso aikin hajji ta hanyar Sudan, suka tsallako teku, ba su koma ba. Yana saurayi ya koyi gyaran rediyo a wani shago kusa da tashar jiragen ruwa. Ma'aikatan jirgi kan kawo na'urorinsu gyara, wani lokaci su bar masa faifan garmaho. A nan ya fara jin kiɗan jaz. Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini. Ya taɓa zaunar da ni ya sa wani tsohon faifai ya ce, "Uwata, saurari baƙin mutumin nan da ƙahonsa. Wallahi ba turanci yake yi ba. Tambaya yake ana ba shi amsa, irin yadda kalangu ke yi. Namu ne, ya daɗe a teku ne kawai."

Shi kansa bai iya kaɗa komai ba. Ko tafi in ya yi sai ya kauce. Yakan ce, "Ni ba makaɗi ba ne, ni kunne ne." Kuma kunnen ya wahalar da mu. Ana tsaka da hira sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya tashi ya nufi fanka ko firji, wai akwai ƙarar da ba ta wurin ba ce. Shi ke gyara lasifikar masallacinmu, bai taɓa yarda a ba shi ko sisi ba, kuma duk Nuzla babu masallacin da kiran sallarsa ke fita tas kamar namu.

Kamfanin nasa ya sa masa suna Tsallaken Maliya. Kamfani dai a baki, amma ɗakin ajiya ne a bayan shago, ya manna masa kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu a bango. Tambarinsa ɗan kwale-kwale ne da ya zana da hannunsa. Babu mai gida a kansa, babu wani babban kamfani a bayansa. Shi ke ɗauka, shi ke tacewa, shi ke kwafa, shi ke yanka takardar bangon kaset da almakashin Umma, abin da suka yi ta faɗa a kansa shekara da shekaru.

Makaɗansa duk 'yan aiki ne. Basudanen nan mai busa saksafon akawu ne a wani kantin kayan gini. Bahabashen tela ne, shi ke kaɗa piyano. Ɗan Filifin ɗin ke riƙe da jita mai kaurin murya. Akwai mai kaɗa ud, molon Larabawa, akwai masu gangunan Hijaz da ake ɗaukowa daga gidajen biki, akwai kuma wani mutumin Sakkwato mai kalangu da ya zo umara ya zauna, yana dako a kasuwar kayan gwari. Da yawansu ba su da iƙama, takardar izinin zama, shi ya sa ba za ka ga hoton kowa ko sunansa a bangon kaset ɗin Kawu ba. Sana'a yake rubutawa: saksafon, akawu, piyano, tela, kalangu, ɗan dako. Samarin da suka zo ta'aziyya sun ce a waje an daɗe ana zaton wata gwaninta ce ta masu fasaha. Ba gwaninta ba ce, rufin asiri ne.

A shekarun nan ba a kiɗa a fili a garin nan, kuma Kawu bai taɓa ja da kowa a kan haka ba. Tsakar rana yake ɗaukar aikinsa, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi. Dole a kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, saboda ƙararsa, sai su yi sharkaf da gumi a ɗakin da ba taga. Kafin a fara, Umma za ta aiko da faranti guda na shinkafa, kowa ya sa hannu. In wani ya ce ya ƙoshi, Kawu ya ce, "Yalla, zauna ka ci. Ba na ɗaukar mutanen da ba su san hannun juna ba." Ba ya barin su maimaita abu da yawa. Mai ud zai fara, kalangu ya amsa masa, saksafon ya shigo ta sama, kowa ya nemi hanyarsa. In suka ce a sake don wani ya yi kuskure, sau da yawa sai ya ƙi. "Kuskuren nan shi ne wurin da ka yi gaskiya," in ji shi. Da an kira la'asar kuwa, ko ana tsakiyar abin da ya fi kowane daɗi, zai danna maɓalli ya miƙe. Akwai kaset ɗinsa da kiɗan ke yankewa haka nan ba sallama. Wai har rubuce-rubuce an yi a kan hikimar yankewar.

Kaset ɗin ba a jera su a kanta. Wanda ya sani ya tambaya, a ciro masa daga ƙasa. Direbobin tasi suka yaɗa su, ma'aikatan jirgi suka fita da su, alhazai suka kai su Kano da Yamai da Khartum cikin tsaraba, tsakanin dabino da turare.

Rigimar da na fi tunawa ita ce tasa da Basudanen. Wani kamfani na ƙasar waje ya ji ɗaya daga cikin kaset ɗin ya aiko wakili. Suna so su sake buga shi da kyau, su fito da mai saksafon, amma a cire kalangun, wai yana damun kunnen masu saye. Basudanen ya ga ƙofa ta buɗe masa bayan shekaru yana lissafin buhunan siminti. Ina saman bene ina jiyo su.

"Ya akhi, ɗan'uwa, sau ɗaya irin wannan ke zuwa! Kalangu ne fa kawai!" in ji Basudanen.

"Kalangu ne kawai? Duk abin da ka busa a wurin nan amsa kake ba shi. In an cire shi, da wa kake magana? Da bango?"

"Ni nake busawa, ba kai ba!"

"Kai kake busawa. Je ka busa musu sabo, ba na hana ka. Wannan kam mutum biyar suka yi gumi a kansa, ba zan yanke ɗaya don ba shi da takarda ba."

Basudanen ya fita ya buga ƙofa har kwalin ƙwai ya faɗo. Shekaru suka shuɗe ba sa magana. In sun haɗu a jana'iza kowa ya kau da kai. Umma ta yi ta yi, Kawu ya ce shi bai yi laifi ba. A nan kam yana da taurin kai, ba zan ɓoye ba. Ko gaisuwar salla ya ƙi aikawa. Abin da ya shirya su, Basudanen ne ya kwanta asibiti aka yi masa aiki a ƙirji, likita ya ce ya bar busa har abada. Labari ya kai ga Kawu. Ya kwana biyu yana haɗa duk wuraren da mutumin ya fi iya busa a kaset guda, ya saka a ƙaramin rikoda, ya je ya ajiye masa a gefen gado. Bai ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba shi ba. Basudanen ya gaya mini abin da Kawu ya ce kawai shi ne, "Batirin sabo ne." Daga ranar kullum Juma'a tare suke cin abincin rana.

Mai kalangun kuwa an kama shi wata rana a hanyar kasuwa aka mayar da shi gida da kayan jikinsa kawai. Kawu ya naɗe kalangun a cikin sabon bargo, ya bi masaukin alhazan Sakkwato ɗaya bayan ɗaya har ya samu wanda ya san ƙauyensu, ya ba shi ya kai masa tare da kowane kaset da hannunsa ya shiga.

Akwai wani alherin da ban san girmansa ba sai a zaman makoki. Kafin waya ta zama ta kowa, mutanenmu da ba su iya rubutu ba sukan zo ɗakin nan su yi magana a kaset a kai wa iyalansu gida. Mata masu aikatau, tsofaffi masu tallar goro, 'yan dako. Kawu zai zaunar da mutum gaban makirfon ɗin da ya fi kowane kyau, ya nuna masa maɓalli, ya fita ya ja ƙofa don ya yi kukansa ba mai kallo. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna a cikin gida ta ce, "'Yata, da muryata da ya ɗauka uwata ta yi bankwana da ni. An ce tana rungume da rikodan ta cika."

Na ɗauka mamakin ya ƙare ke nan. Ashe da saura.

Bayan an watse da 'yan kwanaki na je gaida Umma, sai na tarar da shagon a buɗe da motar ɗaukar kaya a ƙofa. Babban ɗan Kawu, wanda nake ce wa Yaya, yana ciki yana zuba kaset a manyan baƙaƙen ledoji. Ba kaset ɗin sayarwa ba ne, na asali ne, waɗanda daga su ake kwafar sauran, wasu ma ba a taɓa fitar da su ba.

Ina so a fahimci Yaya. Mutumin kirki ne, mai ibada, shi ya wanke mahaifinsa da hannunsa, kuma tun ranar bai yi barcin kirki ba. Bai taɓa son sana'ar kiɗan ba, amma bai taɓa ɗaga wa Kawu murya a kanta ba. Hausarsa rabi Larabci ce, kamar ta yawancin waɗanda aka haifa a nan.

Na ce, "Yaya, ina za a kai su?"

"Inda ake ƙona shara."

Na matsa kusa da shi. Na dafa kanta na ce, "Aikin rayuwarsa ne fa."

"Shi ya sa." Idanunsa sun yi ja. "Ya ukhti, ƙanwata, kin ga mutanen da suka zo? Kin ji har ina abin nan ya kai? Ni ban sani ba. Abuya, mahaifina, yana kwance shi kaɗai, duk wanda ya kunna, ina tsoron a rubuta masa zunubi. Waɗanda suka fita ba ni da iko da su. Waɗannan kam ina da shi. Ki bar ni in sauƙaƙa masa."

Ban hana shi ba. Ba ƙiyayya ke magana ba, tsoro ne da ƙauna, kuma ni ba malama ba ce. Na tsaya ina kallon ledojin suna cika.

Sai muka ji takun Umma a matakalar da ta sauko daga gida zuwa bayan shago. Tana cikin takaba, ba ta sauko ba tun ranar. Ta tsaya ta dubi ledojin, ta dubi ɗanta. Ta wuce shi ta miƙa hannu can saman kanta, ta ciro wani kaset ba tare da ta duba rubutun ba.

Na san shi. Shi ne wanda ya fi kowane suna a cikin aikin Kawu. Muryar mace ce a ciki, siririya, ba kalmomi, gunguni kawai take yi a hankali, su ud da saksafon da kalangu suna bin ta a baya kamar masu tsoron tashin wani daga barci. A bangonsa an rubuta sana'ar kowa, amma gaban murya an bar wurin fari. Samarin nan sun ce an yi ta gardama a kanta, wasu su ce 'yar Habasha ce, wasu su ce 'yar Sudan.

Umma ta ce, "Wannan ma za ka ƙona?"

"Ummi, don Allah ki koma sama."

"Tambayarka na yi."

"Duka, Ummi."

"To ni ce a ciki."

Na zuba mata ido. Na saurari kaset ɗin nan tun ina yarinya, a gidan matar da ta yi mini kitso ta yi mini wanka, ban taɓa kawowa ba. Ledar da ke hannun Yaya ta zame.

Umma ta zauna a kujerar Kawu. Ta ce, "Kafin kai an haifi mace. Ka sani, an gaya maka. Ba ta kai ga yaye ba ta koma. Abin da ba a gaya maka ba, bayan an binne ta bakina ya ƙi daina rarrashinta. Ina wanki ina yi, ina girki ina yi, ban ma san ina yi ba. Mutane suka fara cewa na taɓu. Mahaifinka bai ce mini in daina ba. Wata rana da rana ya rufe shago, ya sauko da ni nan, ba kowa sai ni da shi. Ya ce, yi mata a nan, in ajiye miki, sai ki huta. Na yi. Daga ranar na samu barci." Ta juya kaset ɗin a hannunta. "Su makaɗan daga baya suka bi muryar, ba wanda ya gan ni, ba wanda ya san ko wace ce. Sai da ya nemi izinina kafin ya fitar. Ba ta da hoto, ba ta bar riga ba, kabarinta ma ban san inda yake ba yanzu. Wannan ne kawai."

Yaya ya durƙushe a ƙasa tsakanin ledojin. Ya ce, "Ummi, wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Shi ma bai iya faɗa ba. Ni ban ce ka saurara ba, ban ce ka canza abin da ka yarda da shi ba. Amma ban san abin da ke cikin sauran ba, kai ma ba ka sani ba. Kowanne akwai mai shi."

Ba zan ce Yaya ya sauya ra'ayi ba, don bai sauya ba, kuma ya faɗa mini haka ƙarara. Ya sallami motar. Washegari ya zo da tasa, ya kwashe kaset ɗin daga ledoji ya jera a kwalaye da hannunsa, ya kai su gidana a Ƙurayyat, ya hau da su bene shi kaɗai, ya ƙi a taya shi. Da ya ajiye na ƙarshe ya ce, "Ba zan ajiye su ba, ba zan ƙona su ba. Amana ce a wuyanki. Ni zan yi masa abin da na iya." Ya sa an haƙa rijiya da sunan mahaifinsa a ƙauyen kakanninmu, kuma ya yi masa umara.

Yanzu ɗakin baƙina ya koma wani abu dabam. Biyu daga cikin samarin nan suna zuwa da na'urorinsu suna juye kaset ɗin a kwamfuta kafin zafi ya cinye su. Basudanen yana zama a gefe da sandarsa, da ya ji an fara sai ya ce wannan wane ne, wancan ya rasu, wancan yana Asmara, wannan an mayar da shi ba a sake jin labarinsa ba. Sunayen da Kawu ya ɓoye don ya kare masu su, yanzu ake nemo su ɗaya ɗaya, ana tambayar iyalansu ko sun yarda a bayyana. Samarin sun ce a yau da ake kiɗa a fili a bakin teku, duk wanda ya haɗa ud da saksafon a garin nan, ya sani ko bai sani ba, ta ɗakin Kawu ya biyo. Na ce musu da yana nan da ya ce su rage surutu, mukayyif ɗina yana wata ƙara.

Da Umma ta fita takaba, gidana ta fara zuwa. Bayan mun ci abinci ta ce in sallami kowa, in sa mata nata. Na asalin na sa, wanda ban taɓa ji ba, muryarta ita kaɗai ba kiɗa. Ta zauna ta miƙe ƙafa, idonta a rufe, leɓɓanta ba sa motsi. Gungunin ya yi ta tafiya har ya yi ƙasa ya tsaya. Na kai hannu zan kashe, sai muka ji motsin kujera a cikin kaset ɗin, wurin da aka yanke a na sayarwa. Sai muryar Kawu, yana saurayi, a hankali, kusa da makirfon:

"Ya isa haka, ko za ki ƙara?"

A cikin kaset ɗin ba a amsa ba. Sai numfashi kawai.

Umma ta buɗe ido ta dubi rikodan. Ta ce, "Ya isa, Malam. Na gode."

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar, ni ma na taya ta.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa ba shiri, daga sahun la'asar. Ka san abin da ya rufa wa bayinKa na asiri, Ka rufa masa nasa. Abin da ya yi daidai Ka karɓa, abin da ya kuskure Ka yafe, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da 'yarsa. Mu da muka saura, Ka ba mu haƙuri da kyakkyawan ƙarshe. Amin.